Yadda Ake Koyar da Tarihin Amurka a Makarantun Greensboro, da Inda Iyaye Za Su Sa Hannu



Abin da ya sa na yi wannan rubutu wata 'yar kunya ce da na sha a gidana shekarun baya, lokacin da babbar 'yata take aji takwas. Ta zo da aikin gida a kan yaƙin da aka yi a nan garin Greensboro a 1781, tambayar kuwa gajeriya ce: wa ya ci yaƙin? Na zaunar da ita na yi mata irin karatun da aka yi mini a sakandare can gida, watau shekara kaza aka yi kaza, wane ya gaji wane. Muka duba littafi muka ga Ingilishi ne suka ci, muka haddace rana da wata da sunayen janar-janar, har na yi mata bita da asuba kafin motar makaranta ta zo. Da takarda ta dawo, maki bai kai inda muka sa rai ba, malamar kuma ta rubuta tambaya ɗaya tak a gefe, ma'anarta: ina hujjarki? Yarinya ta dube ni ta ce, "Baba, ai na faɗa maka ba haka suke so ba."

Ni injiniya ne, a ƙasar nan na yi karatun jami'a, lissafi da kimiyya ba sa tayar mini da hankali in yara sun kawo. Amma darasin tarihi sai da na koma ɗalibi. Abin da na tara cikin shekarun nan shi ne zan baje a nan, musamman domin 'yan'uwa sababbin zuwa daga Nijeriya da Nijar da Ghana, waɗanda 'ya'yansu ke shiga aji a tsakiyar tafiya.

Wa ke tsara abin da ake koyarwa

Abu na farko, Amurka ba ta da manhaja ɗaya ta ƙasa baki ɗaya irin wadda muka sani. Kowace jiha ita ke tsara tata, hukumar makarantun gunduma ta zaɓi littattafai, malami kuma yana da 'yanci mai yawa a cikin ajinsa. Saboda haka abin da ɗan ƙaninka ke karantawa a Texas ba lalle ya zama shi ɗanka ke karantawa a nan ba.

A jihar North Carolina, bisa tsarin da hukumar ilimi ta jiha ta amince da shi a watan Fabrairu 2021, yaro yana karanta tarihin jihar a aji huɗu, tarihin Amurka a aji biyar, tarihin duniya a aji shida da bakwai, sa'an nan a aji takwas a haɗa masa na jiha da na ƙasa. A babbar sakandare, watau aji tara zuwa goma sha biyu, ba zai sami takardar kammalawa ba sai ya ci darussa huɗu na wannan fanni: tarihin duniya, tarihin Amurka, tsarin mulki da haƙƙin ɗan ƙasa, da kuma tattalin arziki da sarrafa kuɗi. A lura cewa jarrabawar ƙarshen shekara da jiha ke shiryawa a firamare da midil ta karatu ce da lissafi, sai kimiyya a aji biyar da takwas. Babu tarihi a ciki. A ganina wannan ne ya sa a ƙananan azuzuwa tarihi ke zama ɗan bora, in lokaci ya ƙure shi ake fara yankewa. Yaron da ya zo ƙasar nan yana aji shida kuwa, sai ya kai aji takwas kafin a zaunar da shi a kan tarihin Amurka, alhali 'yan ajinsu sun ji sunayen nan tun suna ƙanana. Wannan giɓi a gida ake cike shi.

"Ina hujjarki?"

Hanyar da malamai da yawa ke bi yanzu ita ce a ba yaro takardun asali, watau abin da mutanen wancan zamani suka rubuta ko suka ɗauka da kansu: wasiƙa, labarin jarida, hoto, taswira, doka, sanarwar cigiyar bawan da ya gudu. Sai a yi masa tambaya wadda ba ta da amsa ɗaya, a ce ya yanke hukunci ya kawo dalili daga cikin takardun. Wani malamin jami'ar Stanford, Sam Wineburg, shi da abokan aikinsa suka yaɗa wannan hanya da darussan da suka kira Reading Like a Historian, watau karatu irin na masanin tarihi. Darussan kyauta ne a intanet, yanzu a hannun wata ƙungiya mai suna Digital Inquiry Group. Ana koya wa yaro kafin ya karanta takarda ya fara tambaya: wa ya rubuta, yaushe, don wa, me yake nema? Sa'an nan me ke faruwa a garin a lokacin? Sa'an nan akwai wata takarda da ta gaskata ta ko ta ƙaryata ta?

Da na fahimci abin sai na ga ba baƙo ba ne gare mu. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san ba a karɓar ruwaya sai an tambayi wa ya ruwaito, daga wa ya ji, kuma mutumin kirki ne ko mai mantuwa. A wurin aikina ma in wani ya kawo mini adadi, tambayar farko ita ce da wane ma'auni aka auna. Mu ne dai aka raba mu da wannan a darasin tarihin boko, aka bar mu da haddar Hausa bakwai da banza bakwai da shekarar da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa.

Mu koma ga tambayar 'yata. Ran 15 ga Maris 1781 rundunar Janar Nathanael Greene, mutum wajen 4,400 waɗanda akasarinsu 'yan sa-kai ne, ta kara da rundunar Ingila ta Lord Cornwallis, mutum wajen 2,000, a wurin da ake kira Guilford Courthouse. Da yamma Greene ya janye ya bar wa Cornwallis fili, don haka a ƙa'idar yaƙi Ingila ce ta ci. To amma Cornwallis ya yi asarar kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na mutanensa, tsakanin matattu da masu rauni, ya kasa bin Greene, ya nufi bakin teku, daga can ya shiga Virginia, inda ya miƙa wuya a Yorktown cikin Oktoba na wannan shekara. Har wani ɗan majalisar Ingila, Charles James Fox, ya ce in aka sake samun irin wannan nasara to rundunarsu ta ƙare. Da aka kafa garin nan a 1808, sunan wanda ya janye aka sa masa, ba na wanda ya riƙe fili ba. Malamar ba ta damu da ko yarinya ta ce Ingila ko ta ce Amurka ba. So take ta ga ta ɗauki ɓangare ta kare shi da waɗannan abubuwa.

Ga wani misali da kowane uba zai iya gwadawa a falo. Akwai sanannen hoton nan na samari huɗu baƙar fata zaune a kantar cin abinci ta kantin Woolworth, wanda ke cikin littattafai da yawa. Yawancin mutane sun ɗauka su ne huɗun da suka fara zaman dirshan ran 1 ga Fabrairu 1960. Ba haka ba ne. A rana ta biyu Jack Moebes, mai ɗaukar hoto na jaridar garin, ya ɗauke shi, biyu ne kawai daga cikin na farko ke ciki, Joseph McNeil da Franklin McCain, sauran biyun Billy Smith ne da Clarence Henderson. Hoton ranar farko shi ne wanda suke tafe a bakin titi bayan an rufe kanti. Ka ba yaro hotunan biyu ka ce ya gano wanne aka fara ɗauka, kuma me ya sa babu hoton zaman ranar farko. In ya gano cewa ran farko babu ɗan jaridar da ya ɗauki hoto a cikin kantin, to ya yi aikin masanin tarihi.

Garin kansa aji ne

Mu da ke Greensboro Allah ya hutar da mu, don abin da yaran wasu jihohi ke gani a littafi mu a kan hanyarmu ta zuwa aiki yake. Gani kuwa ya kori ji.

Kantin Woolworth ɗin nan yana nan a titin South Elm a tsakiyar gari, tun 1 ga Fabrairu 2010 ya zama gidan tarihi mai suna International Civil Rights Center and Museum. Kantar da kujerun suna inda suke, ban da ɗan yankin da aka kai gidan tarihin Smithsonian a Washington. Ana biyan kuɗin shiga. Labarin a taƙaice: ɗalibai huɗu 'yan shekarar farko a kwalejin A&T, McNeil da McCain da David Richmond da Ezell Blair Jr., suka sayi 'yan kayayyaki a kantin suka riƙe rasit, sa'an nan suka zauna a kantar da aka keɓe wa fararen fata suka nemi kofi. Aka hana su, suka ƙi tashi har aka rufe. Kashegari suka dawo su fiye da ashirin, kafin mako ya ƙare sun zama ɗaruruwa, har da 'yan matan kwalejin Bennett, waɗanda sau da yawa akan manta da su a labarin. Da jami'o'i suka tafi hutu, ɗaliban sakandaren Dudley suka karɓa. Kafin ƙarshen Maris abin ya bazu zuwa birane fiye da hamsin. Ran 25 ga Yuli 1960 kantin ya sauko, ma'aikatansa baƙar fata su aka fara ba abinci a kantar.

Abu biyu nakan nuna wa yara a nan. Na ɗaya, shekarunsu: 17 zuwa 19, sa'o'in yayyensu. Na biyu, Ezell Blair ya musulunta a 1968 ya koma Jibreel Khazan, yara kan yi mamaki in sun ji sunan. McNeil kuwa kimiyyar injiniya ya karanta, ya kai muƙamin Manjo Janar a sojan sama, ya rasu a 2025. Mutum-mutumin su huɗun yana harabar jami'ar A&T, ba a biyan ko sisi a gani.

Filin yaƙin Guilford yana titin New Garden, shiga kyauta ne, akwai ɗan fim da taswira a ofishin baƙi, da hanyar zagayawa a mota ko a ƙasa. Greene ya jera mutanensa sahu uku, ɗaya bayan ɗaya a cikin daji, in yaro ya taka daga sahu na farko zuwa na uku da ƙafarsa zai gane dalilin da ya sa sojan Ingila suka iso a galabaice. Ba nisa da nan akwai kwalejin Guilford, wadda 'yan ɗariƙar Quaker suka kafa a 1837. Su waɗannan mutane sun ƙi jinin bauta, dajin da ke bayan kwalejin yana cikin wuraren da bayi masu gudu ke ɓuya kafin a fitar da su zuwa Arewa ta hanyar sirri da ake kira Underground Railroad. Sunan ya ce jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, amma babu jirgi babu rami, gidaje ne da amalanke da mutane masu riƙon amana (sai an yi wa ƙananan yara wannan bayani, nawa ya daɗe yana neman layin dogo). Levi Coffin, wanda ya fi kowa suna a wannan aiki, a unguwar nan aka haife shi a 1798. Akwai kuma gidan tarihin gari, Greensboro History Museum, a titin Summit, kyauta, da makarantar Palmer da Charlotte Hawkins Brown ta kafa wa 'ya'yan baƙar fata a 1902 a Sedalia, 'yar tafiya kaɗan gabas da gari.

Akwai labarin da ba na ƙananan yara ba. Ran 3 ga Nuwamba 1979 'yan Ku Klux Klan da 'yan jam'iyyar Nazi ta Amurka suka harbe masu zanga-zanga biyar a unguwar Morningside Homes, da rana tsaka, gaban kyamarorin talabijin, kuma shari'u biyu na laifi duk aka sallame su. Kwamitin gaskiya da sasantawa ya fitar da rahoto a 2006, majalisar gari ta nemi gafara a hukumance a 2020. Ɗan babbar sakandare ya kamata ya san wannan, don kada ya ɗauka labarin ya ƙare a 1960.

Jadawalin shekaru mai gida biyu

Dabarar da ta fi yi mini amfani mai arha ce. Na sami doguwar takarda na manna a bangon ɗakin cin abinci, na ja layi a tsakiya, sama tarihin Amurka, ƙasa tarihin gida. Duk shekarar da yaro ya zo da ita daga makaranta, ni kuma sai na nemo abin da ke faruwa a ƙasar Hausa a lokacin.

Abin da ya fito ya ba ni kaina mamaki. A 1803 Amurka ta sayi yankin Louisiana daga Faransa, a 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu. A 1808 aka kafa Greensboro, a shekarar dokar hana shigo da bayi Amurka ta fara aiki, a shekarar kuma Alƙalawa ta faɗi. A 1899 Faransawa suka yi karo da Sarauniya a Lugu suka kuma ci Damagaram, shekara uku bayan kotun ƙolin Amurka ta halatta wariyar launin fata a 1896. A 1903 Turawa suka ci Kano a Fabrairu, suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris, rana ɗaya da yaƙin Guilford in an cire shekara 122, sa'an nan ran 17 ga Disamba 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, suka tashi jirgin sama na farko mai inji a gaɓar tekun jihar nan kusa da Kitty Hawk: daƙiƙa 12, ƙafa 120. Shekara 22 bayan haka, a 1925, jiragen sama suka fara sauka a Kano. Sai 1960: zaman dirshan ya ci nasara ran 25 ga Yuli, Nijar ta sami 'yanci ran 3 ga Agusta, Nijeriya ran 1 ga Oktoba. Da ɗana ya ga waɗannan uku a jere ya ce, "Ashe lokacin Kaka ne." Daga ranar 1960 ta daina zama lamba.

Amfanin wannan biyu ne. Yaro yana samun ƙugiyar da zai rataya shekarun Amurka, kuma uban da bai san Lincoln sosai ba yana da abin faɗa a teburin.

Mutanenmu a cikin tarihinsu

Littattafan makaranta kan fara labarin baƙar fata daga cikin jirgin bayi, kamar ba su da jiya. Akwai mutum uku da suka rubuta tarihin rayuwarsu, duka ana samunsu kyauta a taskar intanet ta jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill mai suna Documenting the American South, kuma duk yaron da ya kai su aji zai kai abin da malaminsa ma wataƙila bai sani ba.

Na farko Umar ibn Sa'id, Bafulatanin Futa Toro a bakin kogin Senegal, wanda ya yi shekara 25 yana neman ilimi kafin a kama shi a yaƙi a kawo shi Charleston a 1807. Ya gudu a 1810, aka kama shi a Fayetteville a nan jihar, tafiyar ƙasa da awa biyu daga Greensboro, aka kulle shi, ya riƙa rubutu da Larabci a bangon kurkuku. James Owen, ɗan'uwan wani da ya zama gwamnan jihar, ya ɗauke shi, a hannun wannan gida ya rasu yana bawa a lokacin yaƙin basasa. A 1831 ya rubuta tarihinsa da Larabci, ya buɗe da Suratul Mulk, Tabaraka. An yi masa baftisma a coci, masana kuma har yau suna muhawara a kan abin da ke zuciyarsa, da dalilin da ya sa bawa zai buɗe littafinsa da surar da ke cewa mulki na Allah ne. Wannan ita ce ainihin irin tambayar da malaman nan ke so. Laburaren Majalisar Amurka ya sa hoton rubutun a intanet a 2019. Ku buɗe wa yaro ya gani: hannun irin na allo ne, yaron da ya yi Islamiyya zai iya karanta layukan farko, abin da ba kowane farfesa a garin nan zai iya ba. Akwai masallaci mai sunansa a Fayetteville, wata mawaƙiya haifaffiyar Greensboro kuma, Rhiannon Giddens, ta yi wasan waƙa a kansa wanda ya ci lambar Pulitzer a 2023.

Na biyu ya fi kusa da mu. Mahommah Gardo Baquaqua ɗan Zugu ne, watau Djougou a arewacin Benin ta yau, kan hanyar fataken goro zuwa Gwanja, mahaifiyarsa kuma Bakatsiniya ce. An kai shi Brazil, ya tsere daga jirgi a New York a 1847, ya yi karatu a wata kwaleji a jihar New York, aka buga tarihinsa a Detroit a 1854. Na uku Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka sani da Nicholas Said, ɗan Kukawa a Borno. Buzaye suka kama shi, aka ƙetare Sahara da shi zuwa Tarabulus, ya bi ta Istanbul da Rasha da ƙasashen Turai, ya iso Amurka yana ɗa, ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863 ya yi wa Arewa yaƙi, bayan yaƙi ya koyar a makarantun Kudu, littafinsa ya fito a 1873.

Tambayar da za ta zo gida

Ko ba jima ko ba daɗe yaro zai dawo da ɗayan biyu: ko wani ya ce masa kakanninku ne suka sayar da namu, ko shi ya tambaya, "Baba, mu ma bayi ne?" Na ji iyaye suna amsawa da cewa mu 'ya'ya ne, su ne bayi. Don Allah mu bar wannan. Ƙarya ce ta wani gefen, rashin kunya ce ta ɗaya gefen.

Gaskiyar ita ce an yi bauta a ƙasar Hausa, mai yawa. Kalmomin suna bakinmu: rinji, gandu, bacucane, murgu, fansa, ƙwarƙwara. Ba a soke ta kwata-kwata a dokar Arewacin Nijeriya ba sai 1936, Nijar kuma ta mai da ita laifi mai hukunci a 2003. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a kan wannan yake, Baba ta Karo ma ta ba da labarin harin bayi da fansar danginta. Akwai bambanci da ta Amurka, inda aka ɗaure bauta da launin fata aka kuma bi 'ya'yan bayi da dokokin wariya shekara ɗari bayan 'yanci, amma bambanci ba wanki ba ne. Alƙaluman taskar SlaveVoyages sun nuna an ɗora mutum kimanin miliyan 12.5 a jiragen Atlantika, kimanin miliyan 10.7 suka sauka da rai, waɗanda aka kawo Amurka ta Arewa kai tsaye kuwa ba su kai 400,000 ba, mafi yawa Brazil da tsibiran Karibiyan aka kai su.

Sa'an nan a gaya wa yaro wa ya share masa hanya. Kotun ƙoli ta haramta wariya a makarantu a 1954, amma a 1957 Josephine Boyd ita kaɗai ce baƙar fata a sakandaren da yanzu ake kira Grimsley, ta sha jifa da zagi har ta gama a 1958, makarantun garin kuma ba su gauraya sosai ba sai 1971. Dokar shige da fice ta 1965, wadda ta soke rabon biza bisa asalin ƙasa da ya fifita Turai, 'yar wannan gwagwarmaya ce, ita da dokar 1990 da ta kawo cacar biza su suka buɗe ƙofar da akasarinmu muka shigo. Da ɗan gari akan ci gari.

Wani lokaci malami kan sa yara su kwaikwayi tarihi, wannan ya zama alƙali, wancan ɗan majalisa. Yana da kyau in muhawarar tsarin mulki ce. In aka ce ɗanka ya fito a bawa, ko aka mai da shi kakakin Afirka duka don sunansa, ka rubuta wa malamin cikin ladabi ka nemi ganawa. Na taɓa yi sau ɗaya, aka gyara ba tare da hayaniya ba. Dokar jihar ta 2023 ta ba iyaye damar duba littattafai da kayan da ake koyar da 'ya'yansu. Ku sani kuma su kansu Amurkawa suna jayayya mai zafi a kan yadda za a koyar da bauta da wariya, har gwamnan jihar ya hau kujerar na-ƙi a kan wata doka game da haka a 2021, shi ya sa wani malamin ke taka-tsantsan ya wuce da sauri inda ya kamata ya tsaya.

Sauran kayan aiki

Na intanet suna da yawa, kaɗan nake amfani da su. NCpedia ta laburaren jiha ita ce wurin fara neman kowane mutum ko gari na North Carolina. Taskar Civil Rights Greensboro ta jami'ar UNCG tana da jaridu da hirarrakin waɗanda suka yi zaman dirshan da bakinsu. DocsTeach ta ma'adanar takardun ƙasa tana da takardun asali da darussa a kansu. Ga ƙanana akwai wasannin iCivics, wadda tsohuwar mai shari'ar kotun ƙoli Sandra Day O'Connor ta kafa a 2009. Fim kuwa, Eyes on the Prize na 1987 har yanzu ban ga wanda ya fi shi ba. Katin laburaren gari kyauta ne. Gargaɗi ɗaya: yara yanzu suna tambayar manhajojin nan masu rubuta amsa, su kuwa sukan ƙirƙiro magana su jingina wa mamaci. Ƙa'idar gidana ita ce duk maganar da ba a ga takardarta ba ba ta shiga aikin makaranta.

Daga aji shida zuwa sha biyu akwai gasar National History Day, wadda aka fara a 1974. Yaro zai zaɓi batu ya yi bincike, ya gabatar da shi a muƙala ko allon nuni ko ɗan fim ko wasan kwaikwayo ko shafin intanet, daga yanki zuwa jiha, zuwa zagayen ƙarshe a jami'ar Maryland a watan Yuni. Umar ibn Sa'id ko Baquaqua batu ne da yaronmu ke da fifiko a kansa. A babbar sakandare kuma akwai darasin AP na tarihin Amurka, mai nauyin shekarar farko ta jami'a. Jarrabawarsa a watan Mayu take, maki daga 1 zuwa 5, a ciki akwai tambayar da ake ba ɗalibi takardu bakwai da awa ɗaya ya gina hujja. Jami'o'in gwamnatin jihar suna karɓar maki 3 zuwa sama a madadin darasi, watau ragin kuɗin makaranta ne. Mu iyaye mun saba tura yara AP na lissafi da kimiyya mu ce tarihi ɓata lokaci ne, ni ma na faɗa. Amma rahoton da nake rubutawa a ofis kullum, in an tuɓe shi, abin nan ne: ga matsayina, ga hujjata.

Mu ma manya akwai tamu jarrabawar, ta zama ɗan ƙasa. Tsarin 2008 tambaya 100 ne, a yi maka 10 ka ci 6. Ga waɗanda suka shigar da takardunsu daga 20 ga Oktoba 2025, tambayoyin sun koma 128, a yi maka har 20 ka ci 12. Kaso mai yawa na tambayoyin tarihi ne da tsarin mulki, daidai da abin da ɗan aji takwas ke karantawa, kuma suna nan kyauta a shafin hukumar shige da fice. Lokacin da uwargidana take shirin tata, 'yar nan tawa mai "ina hujjarki" ita ta riƙa yi mata bita a kicin bayan sallar isha'i, tana riƙe da katunan tambayoyi, ni kuma an ba ni aikin duba agogo.